Filin Tambayoyin Kwamfuta: Kafin a zare filash

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka zo: filash, katin memori da estanal (babban faifan ajiya da ake jonawa ta USB), da yadda ake raba su da na'ura ba tare da an yi asara ba. Na taƙaita wasu don fili ya ishe mu. Waɗanda suka aiko da tambaya kan batirin laftof su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Agege, kusa da layin dogo. Wani kwastoma ya kawo filash na zuba masa bidiyon walimar ɗansa. Kwamfuta ta nuna ta gama, yarona ya zare ya miƙa masa. Washegari mutumin ya dawo ransa a ɓace, bidiyo ba ya buɗewa, kuma wata tsohuwar folda da ke ciki ta koma wasu haruffa marasa kan gado. Na yi wa yaron faɗa, shi kuma ya kafe cewa Windows ta yanzu ba ta buƙatar a danna komai, zarewa kawai ake yi. Wa ke da gaskiya? Daga mai shago, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka ba ƙirƙirar maganar ya yi ba, sai dai rabinta ya riƙe, ya bar rabin da ke da amfani.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin na'ura. Ram ɗin kwamfuta, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, yana da saurin gaske, filash kuwa a hankali yake karɓar rubutu, musamman irin na araha da ya cika kasuwa. Don kada a tsayar da kai kana kallon allo, kwamfuta takan karɓi fayil ta ajiye a ram, ta ce maka an gama, sannan ta riƙa sauke shi cikin filash a bayan fage. Ka san yadda ake kai kaya tasha za a tafi da su Kano: ɗan kamasho ya karɓa, ya ba ka rasit, ya ce shi ke nan Alhaji, ka je abinka. A lissafinka kaya sun shiga mota, alhali suna jibge a ƙasa ana jiran lodi ya haɗu. In direba ya ja mota a wannan lokacin, rasit na aljihunka, buhuna na ƙasa.

Da a nan ɓarnar ta tsaya, da da sauƙi, sai a sake turawa. Abin da ke cin tsofaffin fayiloli wani ne daban. Yawancin filash da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa. A wannan tsari, fayil ba a dunƙule yake wuri guda ba, gutsure-gutsure ne a warwatse, kuma akwai wani jadawali da ke riƙe da bayanin inda kowane gutsure yake da wanda ke biye masa. Ita kanta folda ba komai ba ce illa jerin sunaye, da girman kowane fayil, da inda ya fara. Duk lokacin da aka zuba sabon abu, sai an taɓa wannan jadawali da wannan jeri. Idan wuta ta yanke wa filash ana tsaka da taɓa su, fayilolin da suka shekara a ciki ma sai su rasa adireshi. FAT32 tun 1996 yake, exFAT kuma 2006, kuma dukansu ba sa ajiye littafin da za su duba su gyara aikin da aka katse. NTFS, wanda Windows ke amfani da shi a babban faifanta na ciki, yana da irin wannan littafi, amma tsarin faifan yake karewa, ba ya yi maka alkawarin cewa bidiyon da aka katse zai cika.

To me danna Eject ke yi? Yana tilasta wa kwamfuta ta sauke duk abin da ke ram zuwa filash, ta duba ko akwai manhajar da ke riƙe da wani fayil a buɗe, ta yi wa faifan alamar cewa an rufe shi lafiya, sannan ta sake shi. A wurina babban amfaninsa shi ne yana ba ka amsa. Ko ya ce zare, ko ya ce a'a. Wanda ya fizge da hannu bai tambayi kowa ba, don haka babu wanda ya gaya masa komai sai washegari, daga bakin kwastoma.

Yanzu ga rabin gaskiyar yaronka. Microsoft ta sanar cewa daga Windows 10 samfurin 1809, wanda ya fito a ƙarshen 2018, tsarin da ake ɗora wa filash kai tsaye shi ne Quick removal, wato Windows ba ta riƙe rubutu a ram, tana sauke shi nan take. Da wannan tsari, idan kwafi ya ƙare da gaske kuma babu abin da ke rubutu, zarewa ba ta cika yin illa ba. Amma kalmar ita ce "idan". Takardar Word da ke buɗe daga filash takan ajiye fayil na wucin gadi a cikinsa ba tare da ta sanar da kai ba. Manhajar kashe bairos na iya kasancewa tana aiki a kai. Kuma kwamfutocin shaguna irin naku sun bi ta hannun masu gyara da yawa, wani ya iya mayar da tsarin zuwa Better performance don kwafi ya yi sauri. Ka duba da kanka: sa filash, danna maɓallin dama na maus a kan Start, shiga Disk Management, danna dama a kan sunan faifan a sashen ƙasa, zaɓi Properties, sannan Policies. A nan za ka ga wanne aka zaɓa.

Sai dai Alhaji, kafin ka rage wa yaron albashi, akwai wani wanda nake zargi fiye da shi. Bidiyo babba da ya ƙi buɗewa, tare da tsohuwar folda da ta rikiɗe, alama ce da na saba gani a filash na jabu. Irin wanda ake miƙo wa mutum ta tagar mota a gosulo, an rubuta masa 64GB ko 128GB, farashinsa bai kai na tiren shinkafa ba. A ciki wataƙila 8GB ne, an yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara tana faɗin ƙarya. Yana aiki lafiya lau muddin ba a cika ainihin cikinsa ba. Ranar da aka zuba abu mai nauyi ya wuce iyaka, sai sabon rubutu ya hau kan tsoho ko ya bi iska, kwamfuta kuma ta ce an gama, don ita ma yaudararta aka yi. Ko sau goma ka danna Eject ba zai ceci wannan ba. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika filash da rubutu ta sake karantawa, ta gaya maka girmansa na gaskiya. A fara kwashe abin da ke ciki kafin gwajin. Mai shago irinka ya kamata a ce tana kan kwamfutarsa, domin ita ce shaidarka ranar da kwastoma ya zo da rigima.

Don sauƙaƙa wa yaron, ba sai ya riƙa farautar ɗan ƙaramin hoton nan da ke ɓuya kusa da agogo ba. Ya danna maɓallin Windows tare da E, ya danna dama a kan filash, ya zaɓi Eject. Ko ka yi masa gajeriyar hanya a fuskar allo: danna dama a fili, New, Shortcut, ka rubuta wannan daidai yadda yake:

RunDll32.exe shell32.dll,Control_RunDLL hotplug.dll

Duk lokacin da aka danna ta, taga za ta buɗe da jerin abubuwan da ke maƙale a USB, ya zaɓi wanda zai cire ya danna Stop.

Tambaya: Malam, ni malama ce a wata Islamiyya a Idi-Araba, sakamakon jarrabawar yara nake ajiyewa a filash. Ina bin ƙa'ida, amma sau da yawa in na danna Eject sai ta ce wai ana amfani da na'urar, alhali na rufe komai. In na gaji sai in zare. Ina da laifi?

Amsa: Malama, laifin kaɗan ne, amma ƙin da ta yi ba rigima ba ce, bayani take ba ki. Akwai abin da ke riƙe da filash ɗin, ke ce dai ba kya ganinsa.

Waɗanda suka fi yawan yin haka sanannu ne. Excel ko Word da kika rufe tagarsu amma ba su gama fita ba. Tagar File Explorer da ke nuna samfurin fayil a gefe, domin nuna samfurin ma buɗe fayil ne. Manhajar kashe bairos. Sai manhajar da ke tattara sunayen fayiloli don bincike ya yi sauri. Ki rufe duk tagogin folda, ki ɗan jira kamar rabin minti, ki sake gwadawa. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In ta ƙi, akwai hanyar kama mai laifin da sunansa. Rubuta Resource Monitor a wurin bincike ki buɗe, shiga shafin CPU, a ƙasa akwai sashen Associated Handles. Rubuta harafin filash ɗin a akwatin bincike, misali E:\ har da karkatacciyar sandar da ke biye masa, sai ta jero duk manhajar da ke riƙe da wani abu a ciki. Ki je ki rufe ta ta hanyar da aka saba. Kada ki kashe abin da ba ki gane sunansa ba daga wannan tagar, wasunsu na Windows ne da kanta. Masu son tono kuma, Windows takan rubuta sunan manhajar da ta hana cirewa a Event Viewer, ƙarƙashin System, da lamba 225.

Idan lokaci ya ƙure, iyaye na bakin ƙofa suna jiran katin sakamako, ki kashe kwamfutar gaba ɗaya ta Shut down, ki jira fitilunta su mutu, sannan ki zare. Rufe murfin laftof ba kashewa ba ne, barci kawai ta yi, fayilolin na nan a buɗe.

Wani zai iya ba ki shawarar umarnin mountvol ko diskpart. Ki bar su. Na farkon, in aka haɗa shi da /p, yakan ɗauke harafin faifan har ki sake sa shi ki ga bai fito ba, ki ɗauka ya mutu. Na biyun kuma yana da umarnin da ke share faifai kakaf ba tare da ya tambaye ki ko kin tabbata ba. Kuma Malama, ki daina aiki kai tsaye a kan filash. Ki kwafo fayil ɗin kan kwamfuta, ki yi aikinki, ki mayar. Da haka kullum kwafi biyu gare ki, kuma filash ɗin ba zai riƙa maƙalewa ba.

Tambaya: Yaya, ni ɗalibi ne a Yaba, na sa Ubuntu a tsohuwar laftof. In na tura fim mai nauyi zuwa filash, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ta ce ta gama, amma in na danna cirewa sai ta tsaya minti biyu ko uku. Filash ɗin ne ya lalace? Kuma yaya zan cire shi da umarni, don wani lokaci ina aiki a na'urar da babu maus?

Amsa: Ƙanena, filash ɗinka lafiyarsa ƙalau. Abin da na bayyana wa Alhaji na Agege ne kake gani da idonka, domin Ubuntu nau'in Linux ce, Linux kuma ba ta da rowar ram. A yadda take zuwa, takan bari rubutun da bai sauka ba ya taru har kusan kashi 20 cikin 100 na ram ɗin da ke samuwa kafin ta tilasta wa manhaja ta jira. A laftof mai 8GB, wannan na iya haura 1GB. Ka yi lissafi: filash mai karɓar 5MB a daƙiƙa zai buƙaci daƙiƙa 200 kafin ya shanye 1GB, wato minti uku da ɗoriya. Wannan jiran da kake yi a ƙarshe shi ne ainihin kwafin. Na farkon alkawari ne kawai.

Kana iya kallon abin yana faruwa. Buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta:

watch grep Dirty /proc/meminfo

Lambar da za ka gani ita ce nauyin abin da ke jiran sauka. Tura fim ka ga ta yi tsalle, sannan ta riƙa raguwa sannu a hankali. Duk ɗalibin da ya taɓa kallon wannan lambar sau ɗaya ba ya sake fizge filash.

Ga tsarin cirewa. Da farko ka san sunan faifan, kada ka yi hasashe:

lsblk

Za ka ga jeri. A yawancin tsofaffin laftof sda shi ne faifan ciki, filash kuma sdb, ɓangarensa sdb1. Ka duba girma don ka tabbata, saboda harafin na canzawa idan an sa na'ura fiye da ɗaya. Daga nan:

udisksctl unmount -b /dev/sdb1

udisksctl power-off -b /dev/sdb

Na farko yana sauke duk abin da ya rage ya saki ɓangaren, kuma ba zai dawo maka da wurin rubutu ba sai ya gama. Na biyu yana yanke wa na'urar hulɗa gaba ɗaya, in tana da fitila yawanci za ka ga ta mutu. Ka lura na farko da lamba a ƙarshe, na biyu babu. Na fi son waɗannan biyun saboda a kan laftof ɗinka ba sa neman sudo, wato izinin mai kula da na'ura, kuma hanyar da maɓallin cirewa na allo ke bi ke nan. A na'urar da ba su, tsohuwar hanya na nan: sudo umount /dev/sdb1, babu harafin n bayan u, sannan sudo eject /dev/sdb. Umarnin sync shi kaɗai yana sauke rubutun da ke jira, amma ba ya sakin faifan, don haka wata manhaja na iya sake rubutu bayansa. Inda yake da muhimmanci shi ne bayan ka rubuta hoton ISO (kwafin faifai sukutum) a kan filash da umarnin dd, tunda a nan babu abin da za a yi wa umount.

Watarana za ta ce maka target is busy. Kafin ka zargi kowa, duba taminar da kake ciki. Mafi yawan lokuta kai ne ka shiga foldar filash ɗin da cd kana zaune a ciki, kana kuma umartar a cire. Rubuta cd kawai ka koma gida, ka sake gwadawa. In ba kai ba ne:

sudo fuser -vm /dev/sdb1

zai nuna maka wanda ke riƙe da shi. Abokanka za su koya maka umount -l, su ce yana aiki ko da yaushe. Yana aiki a ido ne. Yana ɓoye faifan daga gabanka, amma manhajar da ke rubutu na ci gaba da rubutunta, kai kuma ka zare da ƙwarin gwiwa. A ganina wannan ya fi fizgewa haɗari, domin mai fizgewa aƙalla ya san kasada ya yi.

Don gwada filash na jabu a Linux, akwai f3. Da f3write da f3read aikinsu ɗaya da H2testw.

Tambaya: Ina ɗaukar hoton biki a Obalende, da MacBook nake aiki da estanal. Kullum sai ta yi min ƙorafin Disk Not Ejected Properly, wani lokaci ma ban taɓa wayar USB ɗin ba.

Amsa: Ɗan'uwa, in saƙon na fitowa ba ka taɓa komai ba, matsalar ba ta umarni ba ce. Ko wayar ta saki, ko ɗan akwatin da kake jona USB da yawa a jikinsa ba ya ba estanal isasshiyar wuta. Sauya waya ka jona kai tsaye, kuma kada ka jinkirta, domin kowace yankewa tamkar fizgewa ce. Hotunan biki ba a sake ɗaukarsu.

Cirewa a Mac: zaɓi faifan ka danna Command da E, ko ka ja shi zuwa kwandon shara, wanda zai rikiɗe ya zama alamar cirewa, ba sharewa zai yi ba. Ta tamina kuma, diskutil list ya nuna maka lambarsa, sannan diskutil eject disk4, ko duk lambar da ka gani. Wannan ɗabi'a ta Apple tsohuwa ce. Macintosh na farko a 1984 ko maɓallin fitar da faifai ba shi da shi, sai ka roƙi manhaja ta tofo maka.

Estanal mai faranti a ciki yana da ƙarin dalili. Farantin na juyawa, yawanci sau 5400 a minti, allura na shawagi a samansa. Bayan ka cire, ɗora hannu a kai ka ji ya daina kaɗawa kafin ka jefa shi jaka ka hau danfo. In kuma kana miƙa wa masu Windows aiki, ka yi wa faifan tsarin exFAT. Mac na karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja, FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB.

Tambaya: Tsohuwar kwamfutar kwamitin masallacinmu ta riƙe faifan CD na karatu, maɓallin ya daina aiki.

Amsa: A Windows, danna dama a kan faifan a File Explorer ka zaɓi Eject. A Linux, eject kawai, eject -t kuma ya mayar da tiren. In injin ne ya mutu, kashe kwamfutar, ka duba gaban tiren akwai ɗan rami kamar na allura. Miƙe ƙarfen maƙale takarda ka tura a hankali, tiren zai leƙo, ka ja da hannu.

Tambaya: Malam, ina sayar da tumatir a Mile 12. Nakan cire memorin wayata in kai wa masu turi su sa min wa'azi da karatu. Kwanan nan na mayar, waya ta ce katin ya lalace, a kwamfutar ɗana kuma ta ce sai an yi fomat. Akwai hotunan iyalina da muryoyin cinikin da nake ajiyewa a ciki.

Amsa: Alhaji, abu na farko: kada a danna fomat, wato share katin a sake tsara shi, kuma kada a sake zuba komai a katin. A gaya wa yaron ya danna Cancel. Sau da yawa hotunan na nan, jadawalin ne ya rikice, kuma duk sabon rubutu na iya hawa kansu.

Ya nemi PhotoRec, manhaja ce kyauta da ke zuwa tare da TestDisk, aikin wani Bafaranshe, Christophe Grenier. Ba ta damu da jadawali ba, tana bin katin daga farko har ƙarshe tana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto ko murya ko bidiyo. Sunayen fayilolin ba za su dawo ba, lambobi za ka gani, amma fuskokin za su dawo. Sharaɗi guda: abin da aka tsinto a ajiye shi a kan kwamfuta, ba a kan katin ba. Wasu masu gyara kan fara da chkdsk da /f. Yana gyara ƙananan matsaloli, amma rubutu yake yi a kan faifan, kuma yakan mayar da fayiloli gutsattsari masu ƙarewa da CHK. A bar shi sai bayan an kwashe abin da za a iya kwashewa.

Akwai yanayi guda da wannan ba zai yi aiki ba. Tun Android 6.0 a 2015, wasu wayoyi na ba da zaɓin mayar da kati ya zama ɓangaren ma'ajiyar waya ta ciki. Katin da aka yi wa haka a kulle yake da makullin wannan wayar kaɗai, kowace kwamfuta za ta ce ba ta san shi ba. Tunda ka saba kai naka wurin masu turi suna zuba abu, da alama ba haka aka yi masa ba, amma masu karatu su kiyaye.

Wani abin da ake ɗauka lalacewa ne alhali ba ita ba: ka dawo daga wurin masu turi ka ga foldoji sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya, ko sun ɓace amma kati na nuna a cike yake. Wannan bairos ne da ke ɓoye fayiloli, kwamfutar da ke karɓar katin mutum ɗari a yini ba ta rasa shi. Kada a danna gajerun hanyoyin. A fara wanke katin da manhajar kashe bairos, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta, idan harafin katin E ne:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin za su bayyana.

Nan gaba, kafin ka zare kati daga waya, shiga Settings, Storage, taɓa sunan katin, nemi Eject ko Unmount, sunan ya danganta da kamfanin wayar. In ba ka same shi ba, kashe wayar gaba ɗaya sannan ka cire. Waya ta fi kwamfuta yawan rubutu a ɓoye, kyamara da manhajojin saƙo na taɓa katin ko tana aljihu. Kuma ka sayi kati na biyu na wa'azi kaɗai, shi za ka riƙa miƙa wa masu turi, na hotunan iyali da muryoyin ciniki ya zauna a waya, yaron kuma ya riƙa kwafe shi zuwa kwamfutarsa duk ƙarshen wata.